Mun Tafa wa Ɓarawo, Mun Raina Mai Gadi

 Da fushi na ɗauki biro, kuma ba ni da niyyar ɓoye shi. Mutum na farko da nake fushi da shi ni ne. Na biyu ku ne, ku da muke zama fada ɗaya muna shan shayi bayan isha'i, da ku na sauran fadojin Dakoro da na tabbata hirarku ba ta bambanta da tamu ba. Ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe. In kun ga na yi ƙarya, ku amsa mini a fitowa ta gaba, takarda ba ta ƙare ba.

Bara, bayan an gama girbi, ƙanen mahaifiyata ya kawo bijimai biyu kasuwar dabbobi. Shekara uku yana kiwonsu. Da rani ya sayi dusa da harawa da kuɗin da ya kamata ya ɗinka wa kansa riga, duk don ya aurar da ɗiyarsa cikin mutunci. Aka yi ciniki, dillali ya cire la'adarsa, ya rage masa jikka 640. Saboda tsoron hanya ya ƙi komawa ƙauye da kuɗi cikin aljihu. Ya biyo gidanmu ya ce mini: "Kai da ka yi lakwal, taho ka sa mini su cikin waya." Na raka shi wurin mai shago, aka buɗe masa asusu a layinsa, na zaɓa masa lambar sirri, na nuna masa yadda ake duba abin da ya saura. Ranar na ji daɗin kaina ƙwarai. Abu ɗaya ne ban faɗa masa ba, don a ganina ko yaro ya san shi: cewa kamfani ba ya kiran mutum ya ce masa danna kaza, sa lambar sirrinka.

Kwana biyu bayan haka wani ya kira shi. Hausa yake yi tsantsa irin tamu, da gaisuwa har da tambayar iyali da dabbobi. Ya ce daga kamfani yake, wai za a rufe layin yau ɗin nan saboda ba a sabunta sunan mai shi ba, kuma in aka rufe, kuɗin da ke ciki sun tafi ke nan. "Amma kada ka damu, Baba, yanzu mu gyara. Danna wannan, danna wancan." Rubutun da ke fitowa a fuskar wayar da Faransanci yake, Kawu kuwa allo ya yi, bai yi boko ba. Ya bi shi lamba bayan lamba, a ƙarshe ya sa lambar sirrinsa da hannunsa. Har godiya ya yi wa mutumin, ya sa masa albarka. Sai da yamma, da wani yaro ya duba masa, aka ga kiwon shekara uku ya tashi cikin minti biyar.

Ban rubuta wannan don ku tausaya wa Kawu ba. Abin da ya sa na rubuta shi ne abin da ya faru da na ba da labarin a fada. Na zaci za a yi salati. Sai wani abokinmu ya aje kofin shayi ya ce: "Kai, amma yaron nan shege ne, ya iya aiki!" Aka fashe da dariya. Wani ya ƙara da cewa ai wanda bai waye ba dole a waye a kansa. Ni kuma na yi shiru, shirun da har yau nake jin kunyarsa. To ga amsar da ban bayar ba a daren nan.

Da farko, mi ya iya? Ku faɗa mini aikin da ya iya. Bai fasa kwamfutar kamfani ba, bai karya lambar sirri ba, bai rubuta ko layi ɗaya na manhaja ba. Ƙarya ya yi wa tsoho, ya tsorata shi, ya hana shi lokacin yin shawara. Wannan sojan gona ne irin na da, wanda kakanninmu suka sani a tasha da kasuwa, waya kawai aka ƙara masa. Masana tsaron intanet sun daɗe da gane cewa ya fi sauƙi a yaudari mutum a kan a fasa na'ura, kuma kusan duk damfarar da muke gani a nan a kan ƙafa uku take tsaye: tsoro, kwaɗayi, gaggawa. Za a rufe layinka. Ka ci kyautar mota. Yi maza kafin lokaci ya wuce.

Ku duba sauran dabarun da kuke kira wayo. Akwai saƙon bogi da ake tura maka mai kama da na shigar kuɗi, sai a kira ka da muryar kuka a ce kuskure aka yi, don Allah ka maido. In ka duba asusunka za ka ga ba abin da ya shiga. Akwai mai kiran ka ya ce ana sa ka cikin gurup ɗin tallafi ko na addu'a, karanto masa lambobi 6 da suka shigo maka yanzu. Lambobin nan su ne mabuɗin WhatsApp ɗinka. Da ka karanta, ya ɗauke asusun zuwa wayarsa, ya shiga rubuta wa yayyenka da ke Agadas ko Libiya da sunanka cewa kana kwance asibiti. Akwai adireshin da ake yaɗawa wai danna ka samu intanet kyauta, ka shiga ka rubuta lambarka da kalmar sirrinka ta Facebook da hannunka. A cikin duka ukun, ina ilimin yake? Rashin kunya ne da rashin tsoron Allah, sai kuma haƙurin kiran mutum ɗari don a samu guda.

Na san wanda kuke kallo. Na ga hotunansa a wayoyinku lokacin da yake tashe: Hushpuppi, mai jiragen haya da motoci da agogon da kuɗinsa zai gina aji goma. Sunansa na gaskiya Ramon Abbas, ɗan Najeriya. A watan Yuni na 2020 aka kama shi a Dubai, aka miƙa shi Amurka, ya amsa laifinsa, kuma a Nuwamba 2022 wata kotu a Los Angeles ta ɗaure shi wata 135, wato shekara 11 da wata 3. Hotunan da yake sakawa don a yaba shi suna cikin abin da ya sauƙaƙa wa masu bincike bin sawunsa. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Amma ba na son hujjata ta tsaya a kan kamu. Ko da ba a kama shi ba, ɓarawo ne, kuma abin da ya ci haram ne. Mu da muke jere sahu a masallaci mun san wannan, ba sai wani ya tuna mana ba.

Sai a ce mini, ai su Turawa suke cuta, dukiyar kakanninmu suke maidowa. Wannan magana na sha jin ta, kuma tana da daɗi a baki. To Kawu Bature ne? Wanda ya kira shi da Hausa ya kira shi, ya san yadda ake gaida dattijo, ya san kalmar da za ta sa cikinsa ya ɗuri ruwa. Ko manyan ma, ku duba inda suke farauta. A Nuwamba 2022 kamfanin bincike na Group-IB ya fitar da rahoto a kan wani gungun ƴan kutse masu jin Faransanci da ya sa wa suna OPERA1ER. Daga 2018 zuwa 2022 sun kai hare-hare sama da 30 a kan bankuna da kamfanonin sadarwa, akasari a Afirka, sun kwashe aƙalla dala miliyan 11 ta Amurka, kuma Nijar na cikin ƙasashen da rahoton ya lissafa. A 2023 ƴan sandan duniya na Interpol suka sanar da kama wani da ake zargin babba ne a cikinsu a Kodebuwa. Kuɗin bankunan nan na wane ne? Albashin malaminku ne, da ajiyar ɗan kasuwa, da abin da ɗan ci-rani ya aiko wa uwarsa. Ɓarawo ba ya tambayar launin fata, inda ƙofa ta fi saurin buɗewa nan yake shiga, kuma a yau ƙofarmu ce.

Yanzu bari in gaya muku wanda ya iya aiki da gaske, wanda ban taɓa jin an ambace shi a fada ba. Akwai sana'a sukutum da ake kira tsaron hanyoyin sadarwa. Mai wannan sana'a shi ne mai gadin rezo na banki, ko kamfanin waya, ko asibiti, ko ma'aikata. Aikinsa na farko ya san duk na'urar da ke haɗe da rezon gidan, don ba a gadin garken da ba a san adadinsa ba. Yana kafa katangar tsaro, wadda ke tantance abin da zai shiga da abin da zai fita. Yana raba izini, yadda mai karɓar kuɗi ba zai ga abin da darakta ke gani ba. Yana sabunta manhajoji duk lokacin da aka gano rami a cikinsu. Yana aje kwafin bayanai a wani wuri dabam, saboda ranar da abu zai lalace. Yana karanta rajistar da na'urori ke rubutawa dare da rana, yana neman abin da bai yi kama da na kullum ba, kamar ma'aikacin da ke barci a Maraɗi amma ga asusunsa ya buɗe ƙarfe uku na dare daga wata ƙasa. Wani lokaci ma gidan da kansa ke ba shi takarda a rubuce ya gwada fasa su, don ya gano ramin kafin ɓarawo ya gano shi.

Ku auna da kanku wane ne ya fi. Hausawa suka ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ɓarawo tsaga ɗaya yake nema, in bai samu a nan ba ya wuce gidan gaba. Mai gadi kuwa dole ya san bangon duka, ya bi shi kullum, ya riga ƙadangaren ganin tsagar. Dole ya san abin da ɓarawo ya sani, sannan ya ƙara da abin da ɓarawo bai damu ya sani ba. Matsalarsa ɗaya ce: in ya yi aikinsa da kyau ba abin da ke faruwa, kuma ba a ɗaukar hoton abin da bai faru ba. Shi ya sa ba ku san shi ba. Mu ƴan kallo ne, abin da ya yi ƙyalli shi muke bi.

Ga misali guda da ya kamata kowane ɗalibi ya sani. Ranar 12 ga Mayu 2017 wata ƙwayar cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta bazu a duniya. Tana kulle bayanan mutum ta ce sai ya biya fansa. Cikin ƴan kwanaki ta taɓa kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe wajen 150. A Ingila asibitoci sun dinga maida marasa lafiya gida, an ɗage ayyukan tiyata. Abin takaicin shi ne kamfanin Microsoft ya riga ya fitar da gyaran ramin tun watan Maris, wata biyu kafin nan, waɗanda abin ya ci ba su sabunta ba ne. Wanda ya taka mata birki kuwa wani saurayi ne ɗan shekara 22, Marcus Hutchins, da ke aiki daga ɗakinsa a gidan iyayensa a wani ƙaramin gari na bakin teku a Ingila, kuma shi ya koya wa kansa yawancin abin da ya sani. Ya tona cikin ƙwayar, ya ga tana neman wani adireshin intanet da ba mai shi, ya yi rajistar adireshin da kuɗin da bai kai dala 11 ta Amurka ba. Ashe wannan ne makashinta. Yaɗuwar ta tsaya.

Ba zan ɓoye muku sauran labarinsa ba, don a nan darasin yake. Wata uku bayan haka, a Agusta 2017, aka kama shi a Las Vegas saboda wata manhajar satar bayanan banki da ya sa hannu wajen rubutawa tun yana da ƙuruciya. A 2019 ya amsa laifinsa, alƙali ya duba alherin da ya yi daga baya bai ƙara masa zaman kaso ba. Kun gani ke nan, ilimin ɗaya ne, kamar wuƙar da ke hannun mahauci da wadda ke hannun ɗan fashi. Abin da ya raba su izini ne da amana. Kuma abin da ka aikata kana ɗan shekara 18 yana iya jiran ka a bakin ƙofa ranar da ka zama mutum. Ina faɗar wannan ne saboda ƙannenmu da ke sauke manhajojin leƙen wayar mutane suna ganin wasa ne.

Wani zai ce, ni talaka mi za a sata mini, kiredin dala ashirin? Ɗan'uwa, sunanka za a sata. Amanar da ke tsakaninka da danginka ita ce jarin, da ita za a karɓi jikka 50 a hannun yayanka. Sannan ku tambayi ƴan'uwanmu mata abin da ake sata. Yarinya ta kai wayarta gyara ko caji, a buɗe hotunanta a kwafe, bayan sati biyu a fara yi mata barazana. Wata ta bar makaranta a kan haka, wata aurenta ya watse tun kafin a ɗaura. Ba na cewa duk masu gyara haka suke, akwai masu amana da yawa a cikinsu, kuma su ma ɓata-garin suna zubar musu da mutunci. Amma ku faɗi gaskiya: in irin hoton nan ya faɗo gurup ɗinmu, mutum nawa ke gogewa ya tsawata, mutum nawa ke turawa gaba? Wanda ya tura, shi da wanda ya sata duk kanwar ja ce.

A nan ne maganar ta dawo kanmu. A kowane gida na garin nan, da ƙauyukan Kornaka da Birnin Lalle har zuwa rugagen Tarka, in waya ta yi gardama wa ake miƙa wa? Ɗan lakwal. Mu ke buɗe wa iyaye asusu, mu ke zaɓa musu lambar sirri, mu ke karanta musu saƙo. Ko mun so ko mun ƙi, an riga an naɗa mu masu gadi, ba tare da an tambaye mu ba. To wane irin gadi muke yi? Muna sa wa tsoho 1234 ko shekarar haihuwarsa don kada ya dame mu da mantuwa. Lamba mai gida 4 tana da hanyoyi 10,000, amma in shekarar haihuwa ce, ba su kai 100 ba da ɓarawo zai gwada. Muna tura musu jabun WhatsApp da aka yi wa kwaskwarima, wanda ba mu san wa ya taɓa cikinsa ba, saboda wai ya fi ado. Wasunmu ma, Allah ya shirye mu, suna zarar dala ɗari-ɗari daga asusun kakarsu tunda su suka san lambar.

Na ji masu cewa wannan aikin gwamnati ne. Gaskiya ne tana da nata kason, kuma akwai abin da aka yi. Tun 2017 ƙasarmu ke da dokar kare bayanan mutane, da hukumar HAPDP da ke kula da ita. Akwai doka mai lamba 2019-33 ta 3 ga Yuli 2019 a kan laifuffukan intanet. Nijar na cikin ƙasashen da suka amince da yarjejeniyar Malabo ta Tarayyar Afirka ta 2014 a kan tsaron intanet, wadda ta fara aiki a 2023. Amma ku lura da yadda mu muka san dokar 2019. Mun san ta a matsayin dokar abin da mutum ya rubuta ko ya faɗa, domin gyaran da aka yi mata a 2022 da wanda aka sake yi a Yuni 2024 sun fi shafar hukuncin ɓata suna da zagi da yaɗa labarin da zai ta da hankalin jama'a. Wannan muhawara ce babba, tana da ranarta. Sai dai dokar ta kuma haramta shiga na'urar wani ba izini, da damfara ta hanyar sadarwa, kuma ban taɓa jin ɗayanmu ya karanta wannan ɓangaren ba.

Kuma ko doka ta kai mi kyau, bayan ɓarna take zuwa. Mun kai ƙarar abin da ya samu Kawu, an rubuta, an karɓi lambar. Kafin nan an riga an cire kuɗin a wani gari, layin kuma a kashe. Doka ba ta bin sawun kuɗi da kanta, sai da mutanen da suka san yadda ake bi. Alƙali na buƙatar wanda zai fassara masa hujjar da ke cikin waya. Jandarma na buƙatar wanda ya san rajistar kira. In ba mu koya ba, ƙasar da muke ta cewa a bar ta ta tsaya da ƙafarta za ta ci gaba da hayar baƙo ya riƙe mata mabuɗin taskarta. Muna tsayawa a dandali muna kirarin ƴancin kai, alhali kalmar sirrin ofis tana manne a jikin kwamfuta da salatif. Wanda bai riƙe mabuɗin ɗakinsa ba, da wane baki zai ce ɗakin nasa ne?

Hujja mafi ƙarfi da aka kawo mini ita ce ta rashi, kuma ba zan raina ta ba. Ina wutar? Ina rezon? Ina kwamfutar? Duk mun tuna duhun da aka sha bayan da Najeriya ta yanke layin lantarki a Agusta 2023. Kuɗin intanet na wata guda ya fi ƙarfin ɗalibin da ke neman na fotokofi. Mafi yawanmu mun gama lise ba mu taɓa zama awa biyu a gaban kwamfuta ba. Maraɗi ma tana da nisan sama da kilomita 100 daga nan, balle Yamai. Duk wannan gaskiya ne, kuma hakkinmu ne mu nemi a gyara. Amma tambaya ɗaya nake da ita: megas ɗin da muke ƙonawa a TikTok daga sha ɗaya zuwa ƙarfe biyu na dare, daga ina suke fitowa? Ɓarawon da ya kira Kawu da ƙaramar waya ya yi aikinsa, bai jira an kawo masa wuta ba. Mu kaɗai ne za mu jira?

Hanyar koyo ba asiri ba ce. Ana farawa da sanin yadda na'urori ke magana da juna: mene ne adireshin IP, yaya DNS ke maida suna ya zama lamba, ta ina saƙo ke bi daga wayarka zuwa ta wani. Sai tsarin Linux, wanda kyauta ne kuma yana tafiya a kan tsohuwar kwamfuta. Sai ɗan yaren Python. Akwai Wireshark na kallon abin da ke wucewa a rezo, da Nmap na gano ƙofofin da ke buɗe, su ma kyauta ne, da sharaɗin a kan na'urarka za ka gwada ko ta wanda ya ba ka izini. Kamfanin Cisco na da darussan farko da ake bi ba biya, har da Faransanci, da manhajar Packet Tracer da ake gina rezon gwaji a cikinta ba tare da an sayi ko igiya ɗaya ba. Ingilishi dole ne, don da shi ake rubuta mafi yawan abin, saboda haka ku daina gudun ajinsa. Wanda ya samu bak, akwai tsangayar kimiyya da fasaha a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, akwai kuma Jami'ar Dosso da aka kafa a 2014 aka ba ta fannin fasahar sadarwa. Mutum biyar in suka haɗa kuɗi za su iya sayen kwamfuta ɗaya ta hannu. Mun sha haɗa abin da ya fi haka don rigar ƙwallo.

Ba zan yi muku ƙaryar da masu damfara ke yi ba. Ban ce wanda ya bi wannan hanya zai hau mota cikin shekara ba. Shekaru ake yi ana koyo, kuma guraben aikin a ƙasarmu ba su da yawa tukuna, mafi yawansu a Yamai suke. Iyayenmu ma, in ka ce musu tsaron intanet za ka karanta, za su ce mi ya hana ka likita ko duwan? Ba laifinsu ba ne, a idonsu waya abin wasa ce, tunda wasa suka ga muna yi da ita. Mu ne za mu nuna musu. Ranar da ka hana a kwashe kuɗin sa a hannun mahaifinka, ranar zai gane karatun ba tare da ka yi masa dogon bayani ba. Kuma kowace shekara ƙarin kuɗi da takardu da sirrin mutane suna komawa cikin waya, buƙatar mai gadi ƙaruwa za ta yi.

Kafin mu kai can, ga abin da nake roƙon kowa ya yi cikin satin nan. Ka zauna da tsofaffin gidanku ka faɗa musu da Hausa, ko Fulatanci, ko Tamashek, abu uku: ba a faɗa wa kowa lambar sirri, ba a karanta wa kowa lambobin da suka shigo ta saƙo, kuma duk wanda ya kira yana gaggauta ka a kan kuɗi, kashe wayar ka je shagon da ka sani da ƙafarka. Ka sa musu tabbaci mai mataki biyu a WhatsApp, yana nan cikin saituna, minti biyu ne. Ka canza duk lambar da ta zama shekarar haihuwa. In ɗan'uwa ya rubuto yana neman kuɗi, a kira shi a ji muryarsa, a tambaye shi abin da shi kaɗai ya sani. Mai kai waya gyara ya cire katin ajiya da layi. Mu kuma na wannan ƙungiya, tunda mun iya rubutu, mi zai hana mu rubuta gargaɗin nan a takarda ɗaya, mu roƙi limamai su karanta bayan salla, mu kai wa gidan rediyo, mu je kasuwar dabbobi mu faɗa da baki? Rigakafi ya fi magani, kuma wannan rigakafin ba ya cin ko dala.

An ɗaura auren ɗiyar Kawu, amma sai da ya sayar da tumakin matarsa ya kuma ci bashi. Bai taɓa ɗora mini laifi ba. Da na je ba shi haƙuri cewa ya yi: "Rabon wani ne, ɗana, Allah ya sa iyakar ta ke nan." Na yarda da ƙaddara kamar yadda ya yarda, amma na san akwai jimla ɗaya da na riƙe a bakina ranar kasuwar nan, wadda da na faɗe ta da ba mu zo nan ba. Yanzu ya koma ɗaure kuɗinsa a lalita, ya ce shi da ajiyar waya har abada, wato ya koma ɗaukar haɗarin hanyar da ya gudu tun farko. Abokina na fada kuwa, kai da ka ce yaron ya iya aiki, na san za ka karanta wannan, kuma ba gaba nake da kai ba. Mahaifiyarka ma tana da waya, kuma kai ka sa mata lambar sirri. Je ka duba ta yau.